Mahaifar Gwinya da Maganar Aurena

Ku da kuka cika min waya da tambayar ko dangin Lesiba sun zo, ku kwantar da hankalinku. Sun zo, sun ci naman Mma, sun sha lemonta. Amma kafin in kai ku ranar Asabar ɗin sai na fara da Gwinya, domin ita ce ta tsaya a tsakiyar maganar aurena da ƙafafunta huɗu.

Ga wadda ta shigo yau, sunana Maite, ina aiki a wani kantin magani a Pretoria, ina zaune da mahaifiyata, Mma, a Mamelodi. Shekarata ashirin da tara, kuma a wurin Mma wannan ciwo ne da ake kai wa coci a yi masa addu'a. Lesiba saurayina ne, dogo, mai gemun da ake gyarawa duk Juma'a, mai farar a-kori-kura da yake wankewa fiye da yadda yake kiran uwarsa. Sana'arsa kiwon karnuka, irin Boerboel ɗin nan masu kai kamar tukunya. A bene yake haya, inda ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba, kuma kullum ya ce karnukan suna gonar abokinsa. Shekara ɗaya da rabi muna tare ban taɓa cewa a kai ni in ga gonar ba. Ku rubuta wannan a layin farko na wautata.

Ranar zagayowar haihuwata ya zo da kwando. A ciki akwai kwikwiya 'yar wata biyu, da ɗan farin tabo a ƙirji, da abin wuya ruwan hoda, da kati da aka rubuta: "Ki riƙe ta kamar 'yarmu ta fari." Na yi kuka har gashin idon da na manna ya ɓalle. Ina cikin kukan ya miƙo min wata takarda da biro, ya ce ta rigakafi ce. Na sa hannu ina karkata yatsuna don sabon farcena ya fito a hoto. Na sa mata suna Gwinya, saboda a dunƙule take, ja-ja-ja, kamar fanken da muke saya da safe a tashar mota.

Bari in faɗa muku gaskiya, ina son karyar nan. Ta cinye takalmin cocin Mma, ta haƙa rami a cikin alayyahu, tana minshari kamar tsohon direba. Amma tun da Papa ya rasu gidanmu ya yi shiru irin na asibiti, ita ce ta dawo da hayaniya. Ƙarfe biyar da rabi na yamma tana bakin ƙofa tana jirana, ko ana ruwa. Babu wani mahaluki da ya taɓa murnar ganina haka, har da wanda ya kawo ta.

Rigima ta fara ne a kan yaushe za a cire mata mahaifa. Tun tana wata huɗu Mma ta ce a kai ta a gama, kafin karnukan unguwa su mai da ƙofarmu mashaya. Na duba waya, wani ya ce wata shida, wani ya ce shekara ɗaya da rabi, wani kuma ya ce duk wanda ya taɓa mahaifar karya Allah zai tambaye shi. Lesiba kullum maganarsa ɗaya: a jira, manyan karnuka ƙashinsu ba ya gama ƙwari da wuri, idan aka yi gaggawa ƙugu zai dame ta. Yana faɗa yana shafa kanta, ni kuma ina kallonsa ina cewa a raina, Maite kin dace, wanda ke tausayin ƙugun karya ina ga naki.

Ana haka kawunnansa suka aiko da wasiƙa, suna neman ranar da za su zo maganar sadaki. Aka tsayar da Asabar. Mma ta zama wata halitta daban. Ta sauya labule, ta goge daɓen baranda da jan mai har kana ganin fuskarka, ta aro manyan tukwane masu ƙafa uku, ta sa aka ɗinka min shuɗiyar riga da ɗankwali da bargon kafaɗa. Ta kuma kafa doka cewa a san yadda za a yi da karyar nan kafin baƙi su zo, ba za ta ji kunya a gaban surukai ba. Ranar Talata na ɗauki hutu, na roƙi mai tasi ya yarda, na kai Gwinya asibitin dabbobi. Ban gaya wa Lesiba ba. So nake in ji daga bakin likita kawai.

Likitar, Dokta Venter, mace ce mai gashin karnuka a ko'ina a rigarta. Ta auna Gwinya, ta ɗaga leɓenta, ta lalluba cikinta, ta ce wata takwas amma ta kusa nauyin buhun siminti. Ta ce Lesiba bai yi ƙarya ba, irin waɗannan an fi so su gama girma, su kai shekara ɗaya ko fiye. Amma ta ce in sani, kwanan nan za ta fara neman namiji, kuma idan katangarmu gajeriya ce, ciki a wannan shekarun ya fi aikin hatsari nesa ba kusa ba. Ko a yi yanzu kafin ta fara, ko a tsare ta sosai, a jira wata uku bayan abin ya wuce. Ta ce duk biyun hanya ce, mai karya ke zaɓa.

Na gyara zama irin na mai karya. Sai ta ɗauko wata 'yar na'ura ta shafa a wuyan Gwinya, inda aka saka mata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, ta kalli kwamfuta, ta kalle ni.

"Ke ce Lesiba?"

Na ce ni budurwarsa ce, kyauta ya ba ni.

"Ya sa kin sa hannu a wata takarda?"

Hoton yana wayata, wanda na ɗauka don farce. Muka buɗe, muka faɗaɗa. A ƙarƙashin yatsuna masu ƙyalli an rubuta cewa karyar ta Lesiba ce, ni riƙo aka ba ni. Ba ni da ikon cire mata mahaifa sai da izininsa a rubuce. Haihuwa uku na farko nasa ne, duk 'ya'yan. Idan na saɓa, zai zo ya ɗauke ta. Dokta ta ce masu kiwo suna yin haka, ba sabon abu ba ne, amma ana gaya wa mutum tun farko, ba a naɗe shi a cikin kwando da kati ba.

Na fito. A ɗakin jira Gwinya ta fizge ni sai gaban wata mata mai kayan aikin banki, tana riƙe da wata babbar karya ramammiya, nonuwanta sun zube, tana ɗingisa ƙafar baya. Farin tabo a ƙirji. Abin wuya ruwan hoda, ya koɗe ya zama kalar hanta. Karnukan suka hau shinshinar juna suna kaɗa wutsiya. Matar ta kalli abin wuyan Gwinya, ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta tuntsire da dariya.

"'Yar'uwa, ke ma kin samu 'yar fari?"

Sunanta Kholofelo. Shekara huɗu da suka wuce ita ce bebin Lesiba, kuma wannan karyar, Lady, ita ce uwar Gwinya. Ta ce tun karon farko da Lady ta fara neman namiji, ba ta kai shekara ba, ya zo ya ce zai kai ta gona don a tsare ta, ya dawo da ita da ciki. Soyayyar ta mutu bayan haihuwar farko, amma takarda ba ta mutu ba. Ita ke sayen abinci, ita ke kwasar kashi, ita ke raino, shi kuma ya zo da a-kori-kura ya kwashe 'ya'yan. Na tambaye ta me ya hana ta mayar masa da karyarsa. Ta dafa kan Lady, ta ce in gwada mayar da tawa in gani. Haihuwa ukun sun cika tun da aka haifi su Gwinya, amma sai makon jiya ya sa hannu ya sake ta, shi ya sa ta kawo ta a yi aikin yau. Ba sai an gaya min dalilin da ya sa ya sake ta yanzu ba. Dalilin yana tsaye a gefena yana lasar min gwiwa.

A cikin tasi na tura masa hoton takardar, ban rubuta komai ba. Ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Bebi wa ya zuga ki?"

"Na haɗu da Kholofelo. Tana gaishe ka."

"Waccan mai baƙin ciki ce. Wannan sana'a ce kawai, don gobenmu nake yi. Da me kike zaton zan yi mana biki?"

"Da mahaifar karyata?"

"Kada ki ɓata mana Asabar a kan kare. Ina son ki."

Ya biyo da hoton jar zuciya guda uku. Ban taɓa ganin jar zuciya ta ba ni tashin zuciya ba sai ranar.

Na gaya wa Mma tana yankan kabeji. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce namiji mai dabara kenan, wanda ba zai bar ni da yunwa ba. Ta ce karya ai haihuwa aka halicce ta ta yi, kuma wasu ma da ba karnuka ba ya kamata su fara tunani. Ta ce ta riga ta gaya wa matan coci, ta sayi rabin saniya, idan na kori miji saboda kare ita da kanta za ta kai ni a duba min kai. Na shiga ɗaki na rungume Gwinya na yi kuka. Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, a duk kukan nan ban yi na rabuwa da Lesiba ba ko ɗigo. Tsorona ɗaya ne: in na ce na fasa, zai zo da takardarsa ya ɗauke ta, ya kai wa wata a kwando.

Ranar Alhamis da safe abubuwa biyu suka iso gidanmu. Na farko ɗigon jini a kan barandar da Mma ta goge, Gwinya ta fara neman namiji. Na biyu Rakgadi Mosima, yayar mahaifina, daga ƙauye, da akwatin ƙarfe da gwangwanin tabar hanci. Tun da Papa ba ya raye, babu maganar aurena da za a yanke ba da ita ba. Shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, har yau idan ta kalli mutum sai ya duba ko farcensa da datti. Ba ta son karnuka. Tana shigowa ta ce a kawar mata da wannan ɗan maraƙin.

Da rana Lesiba ya ji labarin jinin, daga bakin Mma mana. Nan da nan saƙo ya shigo: "Kada ki damu bebi, in an gama zama ranar Asabar zan tafi da ita gona a tsare ta." Kalma a kan kalma, abin da aka gaya wa Kholofelo.

Na samu Rakgadi a bayan gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata komai, ina jiran ta ce min abin da Mma ta ce. Ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta karanta takardar sau biyu tana bin layi da yatsa. Ta ce rubutun yana da kuskure huɗu. Ta shaƙi taba, ta yi atishawa, ta tambaye ni karyar nake so ko yaron. Na ce ban sani ba. Ta ce na sani, kunya ce kawai, in tashi in ɗora mata shayi. Ranar Juma'a ta aike ni shagon buga takardu da wata wasiƙa da ta rubuta da hannunta a cikin ambulan, ta ce in kawo kwafi biyu, kuma idan na buɗe za ta gane.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe, ina ɗaki cikin shuɗiyar riga, bargo a kafaɗa, ina leƙe ta labule. Kawunnan Lesiba uku suna bakin ƙofa cikin kwat, hula a hannu, babbansu yana ɗaga murya yana jero kirarin danginmu, yana roƙon a buɗe musu. A gefensu kuma, jama'a, karnuka biyar. Akwai baƙin karen nan na mai gyaran taya, akwai wani mai ido ɗaya, akwai wani ɗan tsurut da ko gwiwar Gwinya bai kai ba amma ya fi kowa zaƙewa. Kawu na kirari, mai ido ɗaya na haushi, Gwinya na amsawa daga gareji inda na kulle ta. Maƙwabta sun fito da kofin shayi suna kallo. An saba barin masu neman aure su ɗan jira a waje, amma Rakgadi ta bar su awa guda cur, ta ce ba ta gane waɗanne ne suka aiko da wasiƙa ba.

Lesiba ba ya shiga, ango ba ya zama a wurin. Yana cikin a-kori-kurarsa a ƙarshen layi. Na hango kejin ƙarfe a bayan motar, ya zo da shirinsa.

Da aka shigo da su falo sai na koma jikin ƙofa na manna kunne. A wurinmu dangin mace ba sa cewa uffan sai an ajiye musu abin buɗe baki. Baƙin suka ajiye kwalba a tebur. Malome Phuti, ƙanen Mma, bakinsa ya buɗe nan take, har ya fara tambayar hanya. Rakgadi shiru. Suka ƙara da ambulan. Shiru. Na ji ƙarar murfin gwangwanin taba, na ji atishawa. Can babban kawun ya yi gyaran murya ya tambaya cikin ladabi, me zai buɗe bakin uwa.

"Akwai wata karya a garejin nan," in ji Rakgadi. "Ɗanku ya ce kyauta ya ba 'yarmu, takarda ta ce aro ne. Ni tsohuwa ce, abu biyu yana ruɗa ni. Ga takarda, ya sa hannu cewa karyar ta Maite ce, da ita da duk abin da za ta haifa. Sai bakina ya buɗe."

Kawun ya yi dariya, ya ce a kan kare ai wannan ba magana ba ce, yanzu zai dawo. Na duba agogo, takwas da minti goma. Na koma taga. Ya taka har ƙarshen layi, karnuka biyu suka raka shi. Na ga ya sunkuya a tagar mota, na ga hannun Lesiba yana sama yana ƙasa. Wayata ta fara rawa a cikin bargo.

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Kin san darajar karyar nan kuwa?"

"Ki gaya wa tsohuwar nan ta nemi wani abu."

Kawu na biyu ya fita. Na uku ya bi shi, yana goge gumi. A kicin Mma tana buga murfin tukwane kamar ita ce za a ba wa takardar. Ni kuwa ina tsaye ina kallon mutumin da ya ce ba zai iya rayuwa babu ni ba, yana zaune yana auna ni da 'yan kwikwiyo. Da ya sa hannu a minti biyar, na rantse muku da wataƙila na yafe. Sai da babban kawun ya cire hularsa ya maka masa a kafaɗa a gaban maƙwabta, sannan na ga biro. Tara saura minti uku.

Rakgadi ta shigo ɗakina ta turo ƙofa. Ta miƙo min takardar, da sa hannunsa, da na kawunnansa biyu a matsayin shaidu. Ta zauna a bakin gado tana haki kaɗan.

"Abin buɗe baki ba ya komawa," ta ce. "Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, ya zama namu. Sun sani, ɗansu ne bai sani ba. Karya ta zama taki. Yanzu bakina a buɗe yake, me zan ce musu a kanki?"

Kafin in amsa waya ta sake motsi. Na karanta, na miƙa mata.

"Na sa hannu, kin ji daɗi? Ai ba komai. In kin shigo gidana, ke da ita duk nawa ne."

Da jar zuciya ɗaya a ƙarshe. Rakgadi ta karanta ta cikin tabarau, ta ce wannan karon babu kuskure ko ɗaya, yaron ya rubuta abin da yake nufi.

Na zare bargon daga kafaɗata na ninke shi. Ba zan ɓoye muku ba, na san abin da ke jirana: matan coci, rabin saniya, da shekara talatin da ke tafe a watan Maris. Na ce ta ba su abinci su ci su ƙoshi, dattawa ne, ba su yi min komai ba. In sun gama ta ce musu mun gode, a gidan nan babu mai haihuwa a kan takardar kowa. Ta tambayi yaushe za a yi wa karyar aikin. Na ce sai abin ya wuce da wata uku, kamar yadda likita ta ce, ni na zaɓa. Kafin nan zan ƙara tsayin katanga, babu namijin da zai shigo gidan nan, mai ƙafa huɗu ko mai biyu.

Rakgadi ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta buɗe ƙofa. Mma ce tsaye a wurin da tiren nama a hannu, cikin sabuwar rigarta, kuma daga fuskarta na san ta ji komai tun daga farko. Ta dube ni, ta dubi bargon da ke ninke a kan gado. Ta miƙa wa Rakgadi tiren a hankali, ta bar ta ta wuce, ta shigo, ta mayar da ƙofa, ta murza makulli ta jefa shi cikin rigarta. Nan na gane zaman falo wasa ne, nawa da Mma yanzu zai fara.

Daga gareji Gwinya ta fara haushi.